Gashin ciwon daji na baki da maƙogwaro: inda iyalai suke tuntuɓe

Tun da cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta samu na'urar gashi (wato ƙona ciwon daji da haske mai ƙarfi) a 2021, tambayar da ƴan uwan majinyaci suka fi yi ita ce wace na'ura ta fi ƙarfi. Kuskuren farko ke nan. Gashin da aka saba yi wa dajin baki, maƙogwaro ko bayan hanci gire 70 ne (gire shi ne ma'aunin hasken), a raba shi zama 35, kwana biyar a mako, har mako bakwai. Tsohuwar na'urar kobal (mai fitar da haske daga sinadarin kobal) da ta zamani duk suna kai wannan adadi. Inda suka bambanta shi ne abin da hasken ke ƙonawa a hanyarsa, don wuya wuri ne mai cunkoso: laka ba ta ɗaukar fiye da gire 45 zuwa 50, ga kuma wuraren da ke yin yawu gefen kunne.

Dabarar IMRT ta na'urar zamani tana lanƙwasa hasken ya bi siffar ƙarin ciwon, VMAT kuma tana yin aikin nan na'ura na kewaya kai, cikin ƴan mintoci. A binciken PARSPORT da aka buga a Ingila a 2011, masu fama da bushewar baki bayan shekara guda sun sauko daga kashi 74 zuwa 38 cikin ɗari da IMRT. Saboda haka ku tambayi likita: me za a kare, yawu ko haɗiya?

Sai masu cewa, "Likita, a ƙara masa wuta ya mutu gaba ɗaya." Masana ma sun yi wannan tunani, na ƙara yawan hasken a tsakiyar ciwon, inda cutar ta fi taurin kai. Binciken ART DECO ya gwada ƙara yawan hasken ga dajin maƙogwaro, bai ga an fi samun waraka ba. Kada a sayar da gona a tafi Tunis don neman ƙarin wuta kawai.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne yanke gashi a tsakiya. Wajen mako na uku baki yakan yi gyambo, haɗiya ta zama azaba, sai mutumin Tawa ko Ƙonni ya ce bari ya je gida ya huta mako guda. A wannan makon cutar ba ta hutawa, hayayyafa take, kuma kowace rana da aka tsallake tana rage damar warkewa. Tun kafin zaman farko a nemi masauki na wata biyu a Yamai, da mai jinya tsayayye. A riƙa ba shi kunu, madara, ƙwai, fura da aka tace, kaɗan-kaɗan sau da yawa. In likita ya kawo zancen robar ciyarwa ta hanci, kada a ɗauka alamar ajali ce, hanyar kai mutum zama na 35 ce.

Rama ma tana ɓata aiki. Abin rufe fuskar da ake gyarawa daidai kan majinyaci don kada ya motsa lokacin gashi, in ya fara yi masa yawa, hasken na iya sauka inda ba a nufa ba. Ku faɗa wa ma'aikata, wataƙila a sake ɗaukar hoton sikana a sake tsari.

Ruɓaɓɓen haƙori a cire shi kafin a fara, don muƙamuƙin da ya sha gashi yana wuyar warkewa. Taba da giya a ajiye su tun yau, kuma kada a shafa komai a wuya, ko man kaɗe ne, sai an tambayi mai gashin.