Kafin ka sayi waya mai babban sikirin, ga abin da za ka duba

A shekarar 2011 da Samsung ya fito da Galaxy Note mai sikirin inci 5.3, mutane sun ga ta yi girma da yawa. Yau in ka shiga shagunan waya a kusa da Kasuwar Wunti a Bauchi ko Babbar Kasuwar Gombe, yawancin Tecno, Infinix, itel, Redmi da Samsung da ke cikin gilashi daga inci 6.5 zuwa 6.8 suke. Masu son babba suna da hujja. Dattijon da ke karatun Alƙur'ani a waya yana buƙatar ganin wasali da ɗigo sarai, ɗalibin jami'ar ATBU ta Bauchi yana karanta PDF mai shafuka da yawa, tela yana nuna wa kwastoma ɗinki, mai POS kuma yana son ya ga lambar asusu ba tare da ya matse ido ba.

Sai dai inci kaɗai ba ya faɗa maka komai. Ana auna shi ne daga kusurwa zuwa kusurwa, ba faɗi ba, kuma wayoyin yanzu dogaye ne sirara. Sikirin mai inci 6.7 faɗinsa kusan santimita 7 ne kawai, tsawonsa kimanin 15.5. Shi ya sa idan ka kwantar da wayar don kallon bidiyon YouTube za ka ga baƙi a dama da hagu.

Abu na farko da za ka karanta a kwali shi ne yawan ɗigon hoto. HD+ na nufin 720 x 1600, FHD+ kuma 1080 x 2400. A kan inci 6.6, na farkon yana ba da ɗigo kusan 266 a kowane inci, na biyun kusan 400. Bambancin ba ya fitowa a kallon fim sosai, a ƙananan rubutu yake bayyana. Don haka buɗe shafin rubutun Larabci mai wasali a wayoyin biyu ka kwatanta. Wanda karatu ne ya kai shi sayen babbar waya, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki FHD+, ko da kyamararta ba ta kai ta ɗayar ba.

Daga nan ka roƙi mai shago ku fita bakin ƙofa da wayar, ka ƙure haskenta a cikin rana. Da yawa suna kyau a inuwar shago amma da tsakar rana sai su dushe. Sannan buɗe farin shafi ka nemi tabo ko rawaya a gefe, ka ja yatsa a kowace kusurwa don ka tabbatar tana jin taɓi. Danna *#06# ka kwatanta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali.

Batir kuwa, sikirin na daga cikin abubuwan da suka fi shan caji. Kada ka ɗauki babbar waya mai ƙasa da 5000mAh, ganin yadda wuta take a unguwanninmu. Idan tana da 90Hz ko 120Hz, wato saurin sabunta hoton sikirin, mayar da ita 60Hz ranar da ba wuta, za ta ƙara jimawa. A zafin Maris da Afrilu kada ka haɗa mata caji da cikakken haske da kallon bidiyo lokaci guda, zafin yana rage ƙarfin batir, wani lokaci har ya kumbura ya ɗago sikirin.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne kuɗin gyara. Sikirin nau'in AMOLED ya fi na LCD kyan launi da zurfin baƙi, amma in ya fashe canjinsa ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma kwafin da ake sawa a madadinsa yakan zo da ƙarancin haske, wani ma na'urar karanta zanen yatsa da ke ƙarƙashin sikirin ta daina aiki. Tambayi mai gyaran waya farashin sikirin ɗin samfurin da kake so tun kafin ka biya, ka kuma ji ko ana samunsa a gari ko sai an aiko daga Kano.

Yawan fashewar daga aljihu yake farawa. Waya mai tsawon santimita 16 da wani abu takan leƙo daga aljihun gefe na kaftani, in ka hau babur ko Keke Napep sai ta zame, aljihun baya na wando kuma nauyin zama ne ke lanƙwasa ta. Sa mata gilashin kariya da rigar waya mai kauri a kusurwoyi tun a shagon. In hannunka ƙarami ne, kunna tsarin amfani da hannu ɗaya a cikin saiti, ka kuma matso da allon rubutu na Gboard gefen babban yatsanka.