Abinci ya yi isfaya, a ci ko a zubar?

To kafin ki zubar, ki fara duba me aka rubuta a jikin ledar ko gwangwanin, don rubutun iri biyu ne. In kin ga Best Before, ana nufin bayan ranar ɗanɗano zai fara raguwa, ba wai ya zama guba ba, taliya da shinkafa da biskit in dai an ajiye su wuri busasshe kuma ledar ba ta huje ba, ki buɗe ki shinshina, ba wari ba ƙwari ba fumfuna, ki dafa abinki. Gishiri da suga kam ni ko kallon kwanan watansu ba na yi.

Amma in Use By ne, kamar yogot, madarar ruwa ko nama, ranar na wucewa ki haƙura, don ƙwayar cuta ba lallai ta yi wari ba. Madarar jarirai kuwa babu wasa, zubarwa kawai.

Sai gwangwanin tumatir ko sadin. Ki danna murfin da yatsa, in ya kumbura ko yana yoyo, ko da saura shekara guda, kar ma ki ɗanɗana wallahi.