Yadda ake kula da manhajar layin umarni ba tare da an karya aikin jama'a ba

Idan ka karɓi ragamar wata buɗaɗɗiyar manhaja ta layin umarni, wato wadda ake sarrafawa ta hanyar buga umarni a rubuce, irin su curl ko jq, ka sani cewa yawancin masu kiranta ba mutane ba ne. Wasu rubutattun umarni ne da ke gudana da tsakar dare a kan sabar da ba ka taɓa gani ba. Mutum zai lura ka sauya kalma ɗaya ya wuce abinsa, su kuwa tsayawa za su yi cak. Don haka duk abin da manhajar ke fitarwa alkawari ne.

Fara da raba hanyoyin fita biyu. Sakamakon aiki ya tafi hanyar da ake kira `stdout`, saƙon kuskure da gargaɗi su tafi wadda ake kira `stderr`. In ka haɗa su, wanda ya tura sakamakonka ta bututu (hanyar da ke miƙa sakamakon wata manhaja ga wata) zuwa `sort` mai jera layuka zai tsinci gargaɗinka a tsakiyar bayanansa. Lambar fita, wadda manhaja ke bayarwa idan ta gama aiki, ita ma haka: 0 na nufin an yi nasara, kowace lamba daban na nufin akwai magana. Dubi `grep` mai neman kalma a cikin fayil: yana ba da 1 in bai sami abin da ake nema ba, 2 kuma in matsala ce ta gaske, kamar fayil ɗin da babu shi. Rubuta ma'anar lambobinka a shafin `man`, wato shafin bayanin manhajar, kada ka sake taɓa su.

Launi kuwa sai an duba. Kunna shi kawai idan `isatty`, mai duba inda sakamako ke zuwa, ya tabbatar allo ake rubutawa, kuma ka kashe shi in mai amfani ya saita `NO_COLOR`, in ba haka ba alamomin launi za su cika masa fayil da shara.

Idan rahoton matsala ya zo, kada ka yi gaggawar gyara. Nemi abu uku: abin da `--version` ya nuna, tsarin kwamfutar, da ainihin umarnin da aka buga. Sai ka maimaita matsalar a wajenka, ka rage ta zuwa mafi ƙanƙantar misali, ka mayar da misalin gwaji wanda ke faɗuwa. Bayan nan ne gyara. In abin yana aiki a da, `git bisect`, wani umarni na git mai adana tarihin sauye-sauyen manhaja, zai nemo maka inda aka yi ɓarnar. Ka nuna masa siga mai kyau da mara kyau, shi kuma ya riƙa raba tarihin biyu. A cikin sauye-sauye 1000, gwaji kamar 10 ya isa. Da `git bisect run` ma ba sai ka zauna a kai ba, sai dai rubutun gwajinka ya fita da 125 a duk inda manhajar ta ƙi haɗuwa, don a tsallake wurin.

Akwai gwaje-gwajen da ake yawan mantawa. Fayil mara komai a ciki. Suna mai tazara a tsakiya. Sunan da ya fara da alamar `-`, wanda manhaja za ta ɗauka zaɓi ne muddin ba ta gane `--` ba, alamar da ke nuna zaɓuɓɓuka sun ƙare. Sai haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowannensu bait (ma'aunin girman bayanai) biyu ne a tsarin adana haruffa na UTF-8, shi ya sa `wc -c` mai ƙirga bait da `wc -m` mai ƙirga haruffa ke ba da lissafi daban a kan kalmar "ƙasa". Manhajar da ke yanke rubutu da ƙidayar bait za ta iya tsaga harafin gida biyu ta bar alamar tambaya a allo. Gwada kuma tura sakamako mai yawa zuwa `head -1`, wanda ke ɗaukar layin farko kawai ya rufe; idan bututun ya rufe, ya kamata manhajar ta yi shiru ta fita, ba ta zubo dogon kuka ba.

Sa gwajin ya gudana da kansa a kan Linux da macOS duk lokacin da aka turo gyara. Bambancin ba wasa ba ne: `sed -i` mai gyara rubutu a cikin fayil, na GNU da ke kan Linux da na macOS, ba sa karɓar umarni iri ɗaya.

Wajen fitar da sabuwar siga, bi lambobi uku. Daga 2.4.1 zuwa 2.4.2 gyaran kuskure ne, 2.5.0 ƙarin abu ne da bai taɓa tsohon ba, 3.0.0 kuwa sanarwa ce cewa wani abu zai karye. Zaɓin da kake son cirewa, bar shi ya yi aiki tare da gargaɗi a `stderr` na tsawon siga ɗaya ko biyu, ka rubuta shi a `CHANGELOG`, fayil ɗin jerin sauye-sauye. Sabon zaɓi kuma ka yi rowarsa, domin duk wanda ka ƙara kai za ka yi ta renonsa shekara da shekaru.

Game da masu taimako, karanta kowane layi kafin ka haɗa, har da fayilolin gwaji da na haɗa manhaja. A watan Maris na 2024 Andres Freund ya gano ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a manhajar matse fayiloli ta xz siga 5.6.0 da 5.6.1, wadda wani da ya daɗe yana taimakawa har aka ba shi izinin fitar da siga ya dasa. An ɓoye ta ne a fayilolin gwaji, kuma wani ɓangarenta yana cikin kunshin da aka rarraba kawai, babu shi a ma'ajiyar git. Saboda haka ka riƙa gina kunshin fitarwa kai tsaye daga alamar `git tag` mai sa hannu, ka kwatanta abin da ke cikinsa da abin da ke ma'ajiya kafin ka ɗora.