Kurakuran da aka fi yi da tirelar fif-wil, da yadda za ka gyara su

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen manyan motoci a Mararrabar Jos ko Tafa ya san farantin ƙarfen nan da ke bayan kan tirela, mai baki kamar kofaton doki, baƙi ƙirin da giris. To shi ne ake ce ma fif-wil. A nan Amurka sai aka ƙanƙanta shi aka ɗaure a cikin bodin a-kori-kura, ana jan gida sukutum da shi, ɗakin kwana da falo da kicin da banɗaki, ita ma tirelar fif-wil ake ce mata, yawancinsu ma a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su. Ni shekara huɗu ke nan ina jan tawa daga Texas, kuma kwanan nan 'yan uwa da dama suna tambayata saboda sun ga ta fi otal sauƙi in iyali na da yawa, ga girkinka na halal a hannunka ga wajen sallarka. Gaskiya ne akwai daɗi, amma wallahi abu ne mai nauyin tan biyar tan shida a bayanka, da 'ya'yanka a kujerar baya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abubuwan da na ga suna kada mutane.

Na farko kuma babban cikinsu, tun a wajen saye ake yin shi. Mutum zai ga an rubuta motarsa na iya jan laba 13,000, ya ga tirela mai laba 10,000, ya ce shikenan ai har da rara. Ɗan uwa abin da mota ke iya ja daban, abin da take iya ɗauka a gadon bayanta daban. Ita fif-wil gabanta a cikin bodinka yake zaune, daidai saman aksil na baya, kuma nauyin da take dannawa a wajen yana kaiwa kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na duk nauyinta, akasari ka ƙaddara kashi 20. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai 'yar takarda mai rawaya da aka manna, ita ce ke faɗa maka iya nauyin mutane da kaya da wannan motar taka za ta ɗauka, ita kanta ba irinta ba. Yanzu yi lissafi. Tirela in ta cika kaya laba 12,000, kashi 20 ɗinta 2,400 ke nan. Farantin kansa ya kai laba 150 zuwa 200. Kai da maiɗaki da yara uku ku ce 600. Ka haura 3,000 ke nan tun ba a sa kula da janareta ba, alhali da yawa daga cikin ƙananan a-kori-kura irin su F-150 ko Ram 1500 abin da ke kan takardarsu bai kai 2,000 ba. Motar za ta ja, eh za ta ja, injin na da ƙarfi, amma bayanta ya zauna gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, tayoyin baya na ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsu. Ranar da wani ya yanko gabanka a babbar hanya ranar za ka gane.

Kuma dan Allah kar ka yi lissafi da nauyin tirela wayam da ake bugawa a takardar talla. Babu mai tafiya da ita wayam. Ruwa kaɗai galan ɗaya laba 8.3 ne, tankin galan 60 ya kusa laba 500, ga tukunyar gas biyu ga batir ga buhun shinkafa da tukwane da kekunan yara. Ka nemi lambar GVWR da ke jikin tirelar ta gefen hagu daga gaba, wato iyakar nauyinta da kaya, da ita za ka yi lissafi. Ni dilan da ya sayar min cewa ya yi motata ta isa, na yarda da shi, sai da na hau sikeli na ga aksil ɗin baya ya wuce ƙa'ida, dole na canza mota zuwa babba kuma na yi asarar kuɗi ba kaɗan ba. Gyaran abin mai sauƙi ne, ka loda kaya yadda za ka yi tafiya, ka sa iyali a ciki, ka je wajen shan man manyan motoci inda akwai sikelin awon motoci na CAT Scale ka auna, sannan ka sauke tirelar ka koma ka auna motar ita kaɗai. Bambancin nauyin da ke kan tayoyin motar kaɗai tsakanin awo biyun shi ne nauyin da ke kan farantinka na ainihi. Kuɗin awon ba shi da yawa. In nauyi ya wuce, ko ka rage kaya ko ka koma F-250, F-350 da ire-irensu. Balan-balan ɗin iska da ake ƙarawa a kan sifirin yana daidaita zaman mota ne kawai, baya ƙara ko laba ɗaya a kan abin da takardar ƙofa ta ce.

A nan ma sai ka duba lasin. A Texas in GVWR na mota da na tirela a haɗe ya kai laba 26,001 kuma tirelar ta wuce 10,000, lasin ɗin ƙaramar mota bai isa ba, sai ka yi Class A wanda ba na kasuwanci ba. California ma tana da nata tsarin a kan fif-wil da ta wuce laba 15,000. Kowace jiha da dokarta, ka tambayi taka.

Sai maganar haɗawa, wadda ita ce ta fi sa ni tsoro har yau. Ƙarfen da ke leƙowa ƙarƙashin gaban tirela, kinfin, kaurinsa inci 2 ne kacal, shi ne ke shiga bakin faranti haƙora su rufe a wuyansa. Kuskuren da ake yi shi ne a bar tirelar ta yi sama da yawa, sai kinfin ya hau kan haƙoran ya zauna maimakon ya shige cikinsu, ka ji ƙarar ƙarfe ka ɗauka ya kama, ka ɗage ƙafafun tirelar ka ja, tirela ta sulluɓe ta faɗo kan bodi ta lotsa shi gaba ɗaya. Na ga an yi a gabana a wani sansanin masu tirela, mutumin ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, sabuwar mota. Yadda ake yi, ka saukar da tirelar har farantinta ya ɗan yi ƙasa da naka kaɗan, yadda in kana ribas za ta hau ne tana gogar faranti. Ka sauko da tocila ka leƙa da idonka ka ga haƙora sun rufe, babu haske tsakanin faranti biyun, ka sa fil ɗin makulli a hannun. Sannan gwajin ja: waji na nan a tayoyi, ƙafafun gaba ka ɗaga su inci ɗaya kawai daga ƙasa, ka matse birkin tirela da hannu ka ɗan ja gaba a hankali. In bai kama ba a kan ƙafafunta za ta sauka ba a kan motarka ba. Direbobinmu na gida da yaran mota sun san wannan tun da daɗewa, waji ne farkon sawa kuma shi ne ƙarshen cirewa.

Kuma in kana haɗawa kar ka bari a ja ka da hira. Ko gaisuwa ce ka amsa ka ce ina zuwa, in kuma an katse ka to koma daga farko. Ƙofar bodi a sauke kafin ribas, a rufe bayan an haɗa, mutane nawa suka tumurmusa ta da kinfin. Filogi mai baki 7 a soke, a gwada sigina da fitilar birki. Siririyar wayar nan ta birkin gaggawa a ɗaure ta a jikin mota yadda in tirela ta rabu za ta fizge ta birki ya kama, kuma birkin da batirin tirela yake aiki, in batir ya mutu babu shi.

Tsawon bodi ma abin dubawa ne. Mai bodin ƙafa 8 ba shi da damuwa. Mai ƙafa 6 da rabi ko 5 da rabi in ya karya kwana sosai, musamman a ribas, kusurwar tirela na iya fasa gilashin baya, maganinsa faranti mai zamewa baya. Sannan a bar kamar inci 6 tsakanin bakin bodi da ƙasan tirelar, saboda gangare da hawan shiga gidan mai.

Tsayi. Yawancin manyan fif-wil sun kai ƙafa 13 ko sun ɗan haura, wasu har 13 da inci 6. Kar ka dogara da littafi, ka haɗa ta da mota a fili mai lebur ka auna daga ƙasa zuwa saman na'urar sanyaya ɗaki, ka rubuta a takarda ka manna a gaban sitiyari. Taswirar waya ta yau da kullum ba ta san kana jan gida ba, za ta kai ka ƙarƙashin gada irin ta Durham a North Carolina, wadda take ƙafa 11 da inci 8 har aka ɗaga ta zuwa 12 da inci 4 a 2019 kuma har yanzu tana aske rufin motoci. A New York hanyoyin da ake kira parkway ma an hana tirela hawa. Nemi manhajar taswira da ake sa mata tsayi da nauyi.

A kan hanya kuma gudu ne matsalarmu, mu faɗi gaskiya. Tayoyin tirela masu alamar ST da yawansu mil 65 a awa aka gina su a kai sai in an rubuta wani abu daban a jiki, amma za ka ga mutum yana 80 a tsakiyar zafin Yuli a babbar hanyar I-10. In tayar tirela ta fashe ba faci kaɗai za ka biya ba, robar na dukan ƙarƙashin ɗaki ta yage wayoyi da bututun ruwa. Auna iska da safe kafin tayar ta ɗau zafi, kullum za ka tashi. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya ta shekara biyar zuwa shida canza ta ko da zanenta na nan raɗau, domin tayar tirela rana da zama ne ke kashe ta tun kafin titi ya cinye ta. In an cire taya an mayar, bayan mil 50 tsaya ka sake ɗaure notuna da sifana mai awo. Boris kuma a wanke a sa sabon giris duk shekara ko duk mil 12,000, wanda ya riga zuwa.

Gangare shi ma yana da nasa. In ka fito daga ramin Eisenhower, inda hanyar I-70 ke ratsa cikin dutse a Colorado, ka nufi yamma, gangare ne na kusan kashi 7 cikin ɗari na mil da yawa, in ka ɗora ƙafa a birki ka bar ta nan birkin zai yi zafi ya daina ci. Tun daga sama ka sauke giya, ka kunna maɓallin jan kaya, mai dizal ya kunna birkin salansa, in gudu ya ƙaru ka taka da ƙarfi ka rage ka saki ya huce. A kwana kuwa tayoyin fif-wil suna yanke hanya ta ciki fiye da yadda kake zato, sai ka shige gaba sosai kafin ka karya, bayanta kuma yana wutsiya ta ɗaya gefen, a gidan mai nan ake kwashe famfo. Ribas ka je filin da babu kowa ranar Lahadi ka koya. Riƙe sitiyari ta ƙasa, inda hannunka ya nufa nan bayan tirela zai nufa, tana jinkirin amsawa da farko sannan ta karye da sauri, don haka kaɗan-kaɗan. Mai duba maka baya ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, ka daina ganinsa ka tsaya cak.

Abin da ke kashe tirela a tsaye kuwa ruwa ne. Rufinta shimfiɗar roba ce, kuma duk inda aka huda don fanka ko eriya an toshe ne da gam, shi kuma gam rana na tsattsaga shi. Ruwa zai yi wata shida yana shiga cikin bango baka sani ba sai ka ji ƙasa ta yi laushi. Hau sama duk wata uku ka duba, inda ya tsage ka goge ka zuba gam ɗin rufin tirela irin Dicor, banda silikon na banɗakin gida, baya kama robar kuma wani gam baya kama shi daga baya. In za ka sayi ta hannu ka tattaka kowane lungu, ka buɗe durowoyin sama ka shinshina.

Mu da muke tsarki da ruwa tankin banɗaki na cika mana da wuri, amma wannan alheri ne, don ruwa da yawa shi tankin ke so. Kuskuren shi ne barin bawul ɗinsa a buɗe in an jona da magudanar sansani, ruwan ya tsiyaye ƙazanta ta taru ta bushe kamar dutse. Bar shi a rufe sai ya kai kashi biyu cikin uku ka saki gaba ɗaya, bayansa ka saki na ruwan wanka ya wanke tiyo. A bakin famfon sansani ka sa abin rage ƙarfin ruwa ya tsaya wajen psi 40 zuwa 50 a ma'auninsa, wuta kuma kar ka soka filoginka na am 50 sai ta na'urar kariya, na taɓa samun sandar wutar da aka haɗa wayarta ba daidai ba kuma na'urar ce ta ƙi ba da wuta.

Kar kuma ka ce kana kudu sanyi ba ruwanka, mu da muka ga Fabrairun 2021 a Texas mun san yadda bututu ke fashewa. Kafin ƙanƙara ta sauka ka zubar da duk tankuna, ka juya bawul ɗin da ke kewaye tukunyar ruwan zafi bayan ka zubar da ita, ka tura ruwan nan na hana daskarewa mai launin ruwan hoda wanda aka yi don tirela har ya fito ta kowane famfo da shawa da abin tsarki, ka zuba kaɗan a kowace magudana. Na injin mota guba ne, kar ya kusanci bututun da 'ya'yanka ke sha. Batir kuma ka cire shi ka ajiye a gareji a kan caja har bazara.