Yadda za ka shiga meri a Yamai ka fito da takardarka

Shagona na fotokofi yana kallon ƙofar wata ma'aikatar magajin gari, wato meri, kuma kullum ina ganin masu komawa gida hannu rabbana don ba su san inda za su dosa ba.

Fara da sanin wace meri ce taka. Yamai gundumomi 5 ce, kowace da tata. Mutumin Harobanda, a gunduma ta 5, ba ya bukatar haye gadar Kennedy don a buga masa hatimi. Babban ginin tsakiyar gari na sha'anin birni ne gaba ɗaya. Tun da aka rusa majalisun gundumomi a Afrilun 2024, kantomomi ke riƙe da ragama, amma aikin takardu yana nan inda yake.

In ka shiga, kada bene ya ja ka. Sama ta manya ce da taronsu. Abin da ya kawo talaka galibi yana ƙasa: tagar rajistar haihuwa, aure da rasuwa, da ta sayen tambur, wato kan sarkin da ake manna wa takarda. Ka gai da mai gadi da kyau, "Baba, ina kwana, ina gajiya?", sannan ka tambaye shi taga. Ya fi kowane allo sanin ofishin da aka sauya wa ɗaki.

Sayi tambur kafin ka bi layi, ka zo da canji, don mai jaka goma shi ake cewa ya koma gefe. Riƙe takardar asali tare da kofinta cikin leda. Gumin watan Afrilu yana jiƙa takarda a aljihu tun ba a kai taga ba. Je da sanyin safiya, domin wanda ya zana wasu gine-ginen nan ya tuna da tuta da farfajiyar motoci, ya manta da rumfa da benci. Tsofaffi da masu goyo sai raɓewa jikin katanga suna bin inuwa. Juma'a kuwa da wuri ake tashi.

Jariri a yi masa rajista cikin kwana 60, kamar yadda dokar 2019 ta tanada. In an wuce, sai an bi ta kotu. Wanda aka yi wa rajista a Tawa kuma, kundinsa yana Tawa. In takardar asali ta ɓace, can zai aika a nemo masa.