Babi na 7: Canza Filtar Gas a Motar A-kori-kura

Darasi na 1: Gane filtar da tanadin kaya

Filtar gas, wato ta man dizal, wani gwangwani ne da mai ke bi ta cikinsa kafin ya isa inji. Tana tare datti, tana kuma tare ruwa. Ruwa ya fi gas nauyi, shi ya sa yake kwanciya a ƙasan gwangwanin. Idan ta toshe, mota za ta rasa ƙarfi a hawa, ta riƙa fizga, ko ta yi wuyar tashi.

Buɗe bonet ka duba. Kada ka rikita ta da filtar baƙin mai. Ta gas tana da tiyo a samanta, sau da yawa kuma da waya a ƙasanta. A jikinta akwai lamba. Kwafe lambar a takarda, harafi bayan harafi. In karatun bai zauna ba tukuna, ɗauki hotonta da wayarka, babu kunya a ciki. Da lambar za ka sayo sabuwa. Ka tanadi sufana, filaya, tsumma mai tsabta da kwanon tarar mai.

Darasi na 2: Cire tsohuwa, ɗaura sabuwa

Kashe mota, zare makulli, ja birkin hannu, bari inji ya huce. Kada a sha taba a kusa. Goge saman filtar tas kafin ka taɓa komai, domin ƙwayar yashi ɗaya na iya ɓata nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji.

In sai an cire tiyo, ɗaura zare a wanda mai ke shigowa ta cikinsa don kada ka musanya su. Zare wayar ƙasa, ajiye kwano, ka kwance filtar yadda ake buɗe murfin kwalba. Abin da wayar ke maƙale da shi, shi ne ke kunna fitila a gaban direba in ruwa ya taru. Kada ka yar da shi. Kwance shi ka mayar a sabuwar filta, da sabon zoben roba. Duba ko tsohon zoben sama ya manne, ka cire shi. Shafa wa sabon zoben ɗan gas mai tsabta, ka ɗaure filtar da hannu. Da hannu na ce, ba da sufana ba.

Darasi na 3: Fitar da iska

A nan ne mafi yawan ɗalibai ke tuntuɓe, saboda haka mu bi a hankali. Sabuwar filta babu komai a cikinta sai iska, kuma injin gas ba ya tashi in akwai iska a hanyar mai. Kada ka murza makulli tukuna.

A saman filtar akwai wani abu mai zagaye da ake dannawa. Sunansa famfon hannu. Danna, saki. Danna, saki. Da farko za ka ji shi sakwa-sakwa, wato iska ce. Ci gaba. Zai iya kai danni 30 ko fiye. Sai ka ji ya yi tauri, sannan filta ta cika. In akwai ƙaramin noti na fitar da iska a gefe, sassauta shi kaɗan, ka yi ta dannawa har gas ya fito babu kumfa, sannan ka ɗaure. Kumfa iska ce. In dai kana ganin kumfa, ba ka gama ba.

Mu sake. Famfo da laushi, akwai iska. Famfo da tauri, mai ya iso. Babban yatsanka zai gaji, huta ka ci gaba, za ka iya.

Wasu motocin ba su da famfon hannu, na lantarki gare su. Murza makulli fitilun gaban direba su kama, ba tare da tayar da inji ba. Jira daƙiƙa 30, kashe, ka maimaita sau uku ko huɗu.

To jama'a, ku ji ni da kyau. Kullum sai an sami mai danna famfo sau biyar ya ruga ya kama makulli, ya yi ta murzawa har batir ya mutu, sannan ya ce filtar ce ba ta da kyau. Filtar lafiyarta ƙalau, gaggawa ce. Kada ka murza fiye da daƙiƙa 10 a jere. In ba ta tashi ba, sauko ka koma kan famfo. Kuma kada ka kwance bututun ƙarfe na nozul a motocin zamani don neman iska. Ƙarfin matsin man da ke ciki yana wuce 1,000 a ma'aunin "bar", yana iya huda fata. Famfo dai, har sai ya yi tauri.

Darasi na 4: Bayan ta tashi

Bar ta tana aiki minti 5. Shafa tsumma a kewayen filtar. In ya jiƙe, kashe mota ka duba zoben roba.

Darasi na 5: Sauran abubuwa

Zuba tsohon man a galan, kada ka zubar a ƙasa ko a kwata. Rubuta kwanan wata da kilomitar da agogon mota ya nuna. Littafin motar zai gaya maka lokacin canji na gaba.