Yadda za ka kauce wa 'yan ganki a Elite Dangerous da EVE Online

Salamu alaikum jama'a. Shekaranjiya da dare muna zaune a fadarmu nan Birni, shayi na biyu na kan wuta, sai ga wani ƙanenmu ya shigo rai a ɓace yana cewa shi da Elite Dangerous, wasan nan na tuƙa jiragen sararin samaniya ta intanet, har abada. Sati uku yana tara kiredi, wato kuɗin cikin wasan, kullum sai dare ya raba rezo ya zauna sannan ya kunna, forfe ɗinsa duk can ya tafi, ya samu ya sayi jirgin kaya, tafiyarsa ta farko zuwa wani tauraro mai suna Deciat wani ɗan wasa ya finciko shi da na'ura daga gudunsa a hanya ya tarwatsa shi ko minti ɗaya ba a yi ba. Bai yi mishi magana ba, bai nemi kaya ba. Wannan shi ake ce ma ganki, kuma wallahi na ji zafin abin, don ni ma a wannan Deciat ɗin aka taɓa yi min haka kuma na san yadda zuciya ke yi.

Tambayar da ya yi mana ita ce, yaya wannan adalci ne? Ni dai a wajena ba adalci ba ne. Doka ta yarda, wannan gaskiya ne, kamfanin Frontier da ya fitar da wasan a 2014 bai hana kai hari a Open ba, wato ƙofar wasan da kowa ke haɗuwa da kowa, kuma 'yan ganki kullum hujjarsu kenan, wai tunda ka danna Open ka yarda da duk abin da ya same ka. To amma ku dubi kokowa mana. Ko a gasar Takobi, mutum biyu ne ke ɗaura ɗamara su shiga fili da yardarsu, kowa na iya kayarwa kowa na iya shan ƙasa. Shi ɗan ganki jirginsa injiniyoyi sun gyara shi daga garkuwa har bindiga, watanni ya yi yana haɗa shi, kai kuma kana cikin kwalin ashana, babu abin da zai yi hasara in ban da 'yar tara a kansa. Wannan ƙato ne ya tare yaro a lungu. Daban yake da ɗan fashin wasa, wanda zai tare ka ya rubuto maka "zubar da tan goma ka wuce", ka zubar ya bar ka, wannan ni ina ganin yana cikin daɗin wasan ma, don akwai magana, akwai ciniki, kana da zaɓi.

Amma musu ba ya maido jirgi, don haka ga abin da na koya.

Tun kafin ka tashi daga tasha ka duba kuɗin asirans. A Elite in an fasa maka jirgi kashi 5 cikin 100 na darajarsa za ka biya a maido maka, wato jirgin miliyan 100 sai ka ajiye miliyan 5. In ba ka da su a aljihu kada ka tashi, don Allah, kana iya komawa cikin Sidewinder, ƙaramin jirgin da aka ba ka ranar farko. Kuma asirans ba ya biyan kaya, ba ya biyan bayanan taurari da ka yi wata kana tarawa ba ka sayar ba, su sun tafi kenan. Abu na biyu garkuwa. Na san kwaɗayin cire ta don a ƙara wurin kaya, ƙanenmu ma abin da ya yi kenan, amma jirgi ba garkuwa a Open ko sakan ashirin ba ya yi.

Sai sanin hanya. Kakanninmu da suke bin ayari daga Damagaram zuwa Agadas ko Kano madugu ya san rijiyar da ake tsayawa da kwazazzabon da ba a kwana, nan ma haka ne. Taurari miliyar 400 ne a cikin wasan, kusan ko'ina in ka je kai kaɗai ne, 'yan ganki wurare kaɗan suke zama, inda suka san dole mutane su biyo. Deciat na gaba, saboda can Felicity Farseer take, injiniyar da ke ƙara ma jirgi nisan tsalle kuma kusan kowa ita yake fara nema. Sai Shinrarta Dezhra inda tashar Jameson Memorial take, sai duk inda kamfanin ya sa wa 'yan wasa aikin gayya na mako. Wuraren nan in kana ɗauke da abin da ba ka son rasawa ka shiga ta Solo, inda kai kaɗai ne mutum, ko rukunin abokai, ka gama ka fito ka koma Open. Ba tsoro ba ne, kamfanin ne da kansa ya sa ƙofofi uku, kasuwa ɗaya ce farashi ɗaya. Akwai ma babban rukuni mai suna Mobius da aka kafa don waɗanda ke son haɗuwa da mutane ba tare da an harbi juna ba.

Idonka kuma ya zauna kan rada. Alamar da cikinta a cike take jirgin kwamfuta ne, wadda cikinta fanko ne mutum ne irinka. In ta juya ta zama mai kusurwa uku ya fiddo bindigogi. Duk fankon da ka ga yana zagayowa ta bayanka a cikin gudun tsakanin duniyoyi, finciko ka yake shirin yi, don sai ta baya na'urar ke kamawa.

To in ya kama ka fa? Nan ne mutane ke mutuwa, don hankali ya tashi sai ka fara kokawa da shi kana bin da'irar kuɓuta, kuma mutum wanda wannan ce sana'arsa da wuya ka ci shi. Kada ka yi kokawa. Ka maida gudu sifili ka miƙa wuya. Dalili shi ne in ka miƙa wuya injin tsallenka sakan 10 zai huce, in ya kayar da kai da ƙarfi sai ka jira kamar sakan 40 jirgi na juyi, kuma 40 ɗin nan sun ishe shi. Da ka faɗo ka zuba ɗigo huɗu na wutar jirgi a SYS, sashen da ke ciyar da garkuwa, don ta yi tauri, biyu a inji, ka danna busta ka nufe shi ka wuce ta gefensa, kar ka ba shi baya ka miƙe a layi ɗaya, nan ne ya fi jin daɗin harbi. Sannan ka yi babban tsalle, wato ka bar tauraron gaba ɗaya zuwa wani. Wannan wurin ka riƙe shi da kyau: in ƙaramin tsalle ka nema don ka ci gaba da tafiya a nan cikin gida, nauyin jirginsa zai riƙe injinka ya ƙi cika da wuri, ko ka samu ka fita ma zai sake finciko ka, amma babban tsalle nauyi ba ya hana shi, sakan 15 ya cika. Shi ya sa nake zaɓar tauraron gudu tun ina shiga wuri mai haɗari, don lokacin da ake harbinka ba lokacin buɗe taswira ba ne. Ka nemi aboki ya riƙa finciko ka kuna gwadawa sau goma, hannu zai saba.

Akwai wata matsala tamu ta nan. Kuran na iya ɗaukewa ko rezo ya yanke ana tsakar faɗa, jirginka ya ɓace, can su ɗauka da gangan ka kashe wasan don ka tsira, abin da kamfanin ya ɗauka maguɗi ne. Kada ka taɓa yin hakan da niyya. In fita za ka yi ka bi ta menu, akwai jiran sakan 15 in kana cikin haɗari. Wanda ya dame ka kuma ka toshe shi, akwai wurin yin hakan.

EVE Online, wani wasan jiragen sararin samaniyar, ita wata duniya ce, can babu Solo. Kamfanin CCP na ƙasar Aisilan ya fitar da ita tun 2003 kuma da gangan aka gina ta a kan hasara. Ko a yankin tsaro mai lamba 0.5 zuwa 1.0, 'yan sandan CONCORD hukunci suke yi bayan an riga an harbe ka, ba gadinka suke ba, kuma a 0.5 sun fi jinkirin zuwa. Shi ya sa a tauraron Uedama, kan hanyar masu fito da kaya daga kasuwar Jita, za ka ga gungu da ƙananan jirage masu araha irin Catalyst, sun san za a fasa nasu, lissafi kawai suke: kowane kaya da ke cikinka yana da rabin damar faɗowa, in abin da zai faɗo ya fi kuɗin jiragensu sai su buga. A nan ina ɗan sassauta musu don su ma suna biyan wani abu. Maganinsu shi ne ka lalata musu lissafin. Ka raba kaya sawu biyu ko uku, ka sa sulke maimakon ƙarin wurin kaya, kuma kada ka sa jirgi ya tuƙa kansa ka tafi cin tuwo, don tuƙin kai yana sauke ka nesa da ƙofar tsallakawa zuwa wani tauraro ka yi ta rarrafe kowa na leƙa abin da ka ɗauko.

Ƙanenmu dai mun shawo kansa. A Elite ana iya haɗa tawagar mutum huɗu, don haka ran Juma'a da dare in kuran ya tsaya mu uku za mu raka shi Deciat da jiragen faɗa, shi a tsakiya, garkuwarsa a jiki, kuɗin asirans a aljihu. Mun ce ya zaɓi tauraron gudunsa tun daga tasha.